Shaida Uku, Karo Ɗaya

Shekara biyu na yi ina aiki da injin da ban taɓa gani ba. Yana ƙarƙashin ƙasa kusa da Geneva, zobe ne mai tsawon kilomita ashirin da bakwai. Ni kuwa ina Alƙahira, hawa na uku a sashen fiziks na wata jami'a, a ɗaki mai fanka ɗaya da kwamfuta huɗu.

Aikin injin shi ne ya haɗa ƙananan ƙwayoyi karo da ƙarfin gaske, wata na'ura ta auna tarkacen da ya fita. Masana suna da jadawalin duk ƙwayoyin da aka sani. A Yulin 2012 aka cike gurbin ƙarshe da ya rage a cikinsa, aka yi ta murna. Mu abin da ke wajen jadawalin muke nema: wata ƙwaya mai nauyi da lissafi ya ce mai yiwuwa tana nan, wadda in ta fito za ta fashe nan take ta zama ƙwayoyi biyu da ake kira miyon. Aikina na digiri na uku shi ne in tara waɗannan tagwayen miyon, in jera su bisa nauyi a kan zane. In babu sabon abu, layin zai gangara sumul. In akwai, wani wuri zai taso inda bai kamata ba. A zuciyata tozo nake ce masa, irin na bijimin sa.

Mu uku ne a ɗakin. Duktura Mahasin ce shugaba, Bamasariya mai shekara hamsin da 'yan kai, ba ta son doguwar gaisuwa. Sai Hussain, ɗalibi kamar ni, wanda kullum yake tahowa daga unguwar Faisal a ƙananan bas biyu da suke ce wa mikrobas, yana neman abin da nake nema amma ta wata hanyar. Sai ni, Ummukulthum Habu, 'yar Funtuwa.

A Fabrairun 2013 aka kashe injin don gyara na shekara biyu. Lokacin gyara ne kaɗai mutum zai iya sauka ramin, ya ga na'urar a buɗe, ya ɗora hannu a kanta. Rukuninmu ya samu gurbi ɗaya: wata uku a Geneva, daga Yuni. Duktura ta ce ranar Lahadi ta ƙarshen Maris za ta aika suna, bayan taron Alhamis da muke yi da mutanen can ta bidiyo. Ta ce wanda aikinsa ya fi buƙatar zuwa shi zai je. Ban gaya wa kowa yadda nake son gurbin nan ba. Fasfo dai tun Janairu na sabunta shi.

Akwai wata al'ada a wannan aiki. Ba a barin mai bincike ya kalli yankin da yake sa ran samun abu sai ya gama kafa dokokin tacewarsa. Ana rufe ɓangaren masu nauyi na zanen, muna ce masa akwati. Dalilin kuwa, in mutum ya hango alamar tozo, zai yi ta ɗan gyara dokokin nan har tozon ya girma, bai ma san yana yi ba. Saboda haka sai ka rubuta dokoki, manya su amince, sannan a buɗe sau ɗaya. Bayan an buɗe ba a sake taɓa doka.

A unguwar Hayyin Ashir nake zaune, gidan yayana Lawali, wanda yake karatun hadisi, da matarsa Indo. Ranar da na yi musu bayanin akwatin, Anti Indo ta ce wannan ai dambu ne, in ka cika leƙawa ba ya nuna. Shi Yaya Lawali bai taɓa kiran ƙwayar da sunanta ba. Ɓatacciyar akuya yake ce mata. Duk yamma in na shigo, kafin in cire takalmi, zai tambaye ni ko an ga akuyar, ni kuma in ce ana kan cigiya.

Ranar Litinin aka ba mu izinin buɗewa. Duktura ta tsaya a bayana da hannu a naɗe. Hussain ya ajiye shayinsa.

"Yalla, buɗe," in ji ta.

Na danna. Layin ya gangara yadda lissafi ya ce, ya yi ta gangara har ya kusa ƙarewa. Can kusa da ƙarshe, wurin da muke sa ran ƙasa da karo ɗaya, akwai uku, manne da juna. Nauyinsu ya kai na furoton, ƙwayar da injin yake haɗawa karo, sau dubu ɗaya da ɗari takwas da wani abu, kowanne da ɗan bambanci kaɗan.

Duktura ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta ce uku ba ganowa ba ne, kada wanda ya furta wannan kalmar a ɗakinta, an sha ganin uku sun narke. Duk da haka kafin azahar ta rubuta wa shugaban taron a Geneva cewa Alƙahira tana da abin nunawa ranar Alhamis, a ƙara mana lokaci. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa.

"In wannan ya tsaya har Alhamis, ke za ki tafi. Za su so mai shi a kusa da su."

Hussain ya buɗe nasa akwatin tun makon da ya wuce, bai samu komai ba. Ya taya ni murna da gaske, ya ce in tuna shi da cakulan, kuma kada in dawo ina yi masa Faransanci.

Da yamma Yaya Lawali ya tambayi akuya. Na ce an ga sawu. Ya ɗago kai daga littafi ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba. Anti Indo ta yi guɗa ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta, ta fara lissafa rigunan sanyin da za a saya a kasuwar Ataba, ko da na ce mata a Yuni zafi ake yi a can ma.

Washegari Talata na wuni ina shirya zane-zanen taro. Bayan magariba muka zauna cin tuwon samolina da miyar kukar da aka aiko daga gida. Yaya Lawali yana cikin nishaɗi, domin abokin karatunsa Sulaimanu ya sha kunya a aji. Sulaimanu, kamar yadda ya ba mu labari, ya kawo wata ruwaya da malamai suka raunana, ya ce shi ya samo mata hanyoyi uku a littattafai uku, don haka ta yi ƙarfi. Har ya sa sabuwar jallabiya. Shehin da ke koyar da su ya bar shi ya gama, sannan ya ce ya karanto sunayen mutanen kowace hanya ɗaya bayan ɗaya. Hanya ta farko ta tsaya a kan wani mutum. Ta biyu ta tsaya a kan wani mai alkunya daban. Ta uku an kira shi da sunan garinsu. Shehin ya buɗe littafin tarihin maruwaita ya nuna masa cewa duka ukun mutum ɗaya ne.

"Ka ga a takarda shaida uku," in ji Yaya Lawali, yana dariya har yana tari, "a zahiri tsoho ɗaya ne ya canza hula sau uku. Lafazin ma kowanne da ɗan bambanci, shi ya ruɗe shi."

Anti Indo ta ce Allah sarki Sulaimanu, ga kuɗin guga ya tafi a banza. Ni kuma na ajiye lomar da ke hannuna.

Kowane karo da injin ya yi yana da lambarsa, kamar lambar mota. A watan Agustan da ya wuce, cikin azumi, ma'ajiyar kwamfutarmu ta cika. Don in samu wuri, na rage fayilolina, na bar nauyi da kusurwa da abin da lissafi yake buƙata, na zubar da sauran. Lambobin suna cikin abin da na zubar. Ni na yi, ba wanda ya sa ni. Ranar Litinin da na ga nauyin ukun ba ɗaya ba ne, ban ƙara tunanin komai ba.

Anti Indo ta tambaya ko gishiri ne ya yi yawa. Na ce a'a.

Ƙarfe bakwai na safiyar Laraba ina ofis, mai gadi ma sai da ya nemo makulli. Na jawo karo ukun, na bar nauyi, na duba inda kowane miyon ya nufa. A na farko ɗaya ya yi sama ta hagu, ɗaya ya yi ƙasa ta dama. A na biyu haka. A na uku haka, kusurwa ɗaya har lamba ta uku bayan ɗigo.

Sauran bai ɗauki minti ashirin ba. Na buɗe jakar da fayilolin suke. Ya kamata su zama ɗari shida, na tarar da ɗari shida da biyu. Biyun nan guntaye ne, ba su kammala ba. An rubuta ɗaya ranar bakwai ga Agusta, ƙarfe biyu da minti huɗu na rana. Ɗayan ranar sha huɗu, ƙarfe biyu da minti sha ɗaya.

Na tuna bazarar nan. Kusan kullum ƙarfe biyu ake ɗauke mana wuta. Ni kuma ƙarfe tara nake isowa in tayar da aikin. Awa biyar tana kai shi wuri ɗaya, fayil na ɗari huɗu da sha biyu, nan wuta take katse shi. In na sake tayarwa daga farko, kammalallun fayiloli sabo yana hawa kan tsoho ya goge shi. Wanda aka katse kuwa yana nan kwance da wani suna. Sau biyu hakan ta faru, a karo na uku aikin ya wuce. Ranar haɗawa na ce wa kwamfuta ta kwashe duk abin da ke cikin jakar, ta kuwa kwashe. Bambancin nauyin ma na gane shi: mutanen Geneva suna ta gyara ma'aunin na'urar lokaci zuwa lokaci, kowace tayarwa ta ɗauki sabon gyara. Na koma fayil na asali, mai lambobi. Karo ɗaya ne a ciki. Ɗaya a wurin da ake sa ran kusan ɗaya ba labari ba ne.

Ƙarfe bakwai da rabi na gama. Na zauna.

Ba wanda ya sani. Akwai wani rukuni a Turai da yake irin aikina don a gwada da nawa, amma sai nan da mako uku za su buɗe akwatinsu. Kafin nan suna ya tafi, takardar gayyata ta iso. Zan iya nuna tozon gobe kamar yadda na shirya, in bari Lahadi ta wuce, ranar Talata in shigo in ce ga abin da na gano. Ba ƙarya zan yi ba, shiru ne na kwana huɗu. Na yi wannan lissafin tsaf, kamar yadda nake kowane lissafi, ban samu inda zai karye ba. Sai wuri ɗaya: gobe mutum arba'in za su tambaye ni ko na duba komai, ni kuma in ce e.

Hussain ya shigo wajen takwas da rabi da ta'amiyya, ƙosan Masar, a takarda. Ya miƙo mini ɗaya, ya ce in ci da kyau, a can sai cuku mai wari. Ya ce ya gaya wa mahaifiyarsa cewa abokiyar aikinsa za ta shiga littafi. Na karɓa na ajiye a kan tebur. Na ji ƙarar takalmin Duktura a baranda, na tashi na bi ta.

A ofishinta na ɗora takarda uku a gabanta: kusurwoyin, sunayen guntayen fayilolin da lokacinsu, da sabon zane marar tozo. Ta karanta a tsaye, jakarta a kafaɗa.

"Ina lambobin karon?"

"Na cire su a Agusta. Wuri ya ƙare."

"Wa ya ce ki cire?"

"Ba kowa, Duktura. Ni ce."

"Wa ya gano wannan?"

"Ni."

"Wa kuma ya sani?"

"Ke."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta san abin da na sani game da mako uku da ranar Lahadi, ita ta koya mini lissafi. Ba ta ambaci hakan ba. Ta ajiye jaka, ta ce ta riga ta sa sunanta a wasiƙa ta nemi ƙarin lokaci, kuma ba za ta janye ba. Lokacin yana nan, ni zan cike shi. Zan nuna musu tozon, in nuna musu yadda na yi shi da hannuna, in nuna yadda na kashe shi. Ba za a ɗora wa wuta laifi ba, domin wuta ba ta cire lamba ba.

Na ce tamam, na ji.

Da na gaya wa Hussain, ya daɗe yana kallon guntayen fayilolin. Ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, sannan ya koma kwamfutarsa da sauri ya ƙirga nasa. Nasa daidai suke. Bai nuna farin ciki ba, na kuwa lura da hakan.

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu muka zauna gaban allo. Akwai fuskoki daga Geneva da wasu biranen, wasu murya kawai. Na yi magana da Turanci minti goma sha biyu. Da na sa zanen farko na ji wani ya ja numfashi, wani ya fara tambaya, na ce ya jira shafi na gaba. Na nuna kusurwoyin. Na nuna ƙarfe biyu da minti huɗu. Na faɗi cewa ni na cire lambobin, da dalilin, da cewa dalilin bai isa ba. Na ƙare da ɗan gajeren shirin da na rubuta da yammacin Laraba, wanda yake kama karon da aka maimaita ta hanyar kusurwa ko da babu lamba.

Shugaban taron dattijo ne mai farin gemu da ba ya kallon kamara. Tambaya biyu ya yi.

"Yaushe kika gane?"

"Jiya, bakwai da rabi na safe."

"Yaushe kika faɗa?"

"Tara saura kwata."

Ya rubuta wani abu. Ya ce in aika shirin ga kowa, kowane rukuni ya bi fayilolinsa da shi kafin ya buɗe akwati. Ya ce na gode, Alƙahira. Aka wuce batu na gaba. Ba tafi, ba faɗa.

Ranar Lahadi Duktura ta aika sunan Hussain. Ta kira mu tare ta faɗa. Ta ce fayil ɗari shida da babu lamba ba abin dogaro ba ne, ko an cire biyun. Dole a sake su daga tushe, aikin wata uku ne, kuma wadda ta cire ita za ta mayar. Wanda aikinsa ya kammala shi ke da sararin tafiya. Ban ga inda hukuncin ya karkace ba. A baranda Hussain ya fara cewa zai koma ya ce mata ya fasa. Na ce in ya yi haka gurbin zai koma wata jami'a, mu biyu mu zauna muna kallon fanka. Na ce ya tuna ni da cakulan.

A gida Anti Indo ce ta ɗauki zafi. Ta sa na maimaita mata labarin sau biyu, ta ƙirga da yatsu daga Laraba zuwa Lahadi.

"Kwana huɗu, Ummu. Ni da na ɓoye cikin fari wata huɗu ban gaya wa uwata ba. Ke kwana huɗu ya gagare ki?"

Na ce ya gagare ni.

Ta juya ga mijinta ta ce, Malam, ai duk kai ka jawo da labarin Sulaimanu, da ka ci tuwonka ka yi shiru da yanzu yarinya tana ɗinkin tafiya. Yaya Lawali bai tambayi akuya ba a ranar. Na ɗauka haushi yake ji.

Ranar Juma'a ɗaliban gida sukan taru a falonmu bayan masallaci, su ci abincin Anti Indo, su yi musun ƙwallo da na nahawu. Ina kicin ina yanka albasa na ji muryarsa ta ƙofa. Yana ba su labarina, ya ɓata rabin bayanin, ya mai da miyon wani irin ƙarfe. Amma ya faɗi ƙarfe bakwai da rabi da tara saura kwata daidai. Sulaimanu yana cikinsu, ya ce to ai asara ta yi.

"A faninmu," in ji Yaya Lawali, "maruwaicin da ya dawo da ƙafarsa ya ce ruwayata ta jiya kuskure ce, ku goge, kafin kowa ya kama shi, ka san abin da ake rubutawa a gaban sunansa. Siƙa. Amintacce. Ko bayan shekara dubu in ya ce ya ji, an yarda ya ji. Ƙanwata ce wannan, uwa ɗaya uba ɗaya."

Anti Indo ta dube ni, ta ce albasar nan da yaji take. Na ce ƙwarai.

Bazarar 2013 na yi ta a hawa na uku. Garin bai zauna lafiya ba saboda rikicin siyasa, an rufe hanyoyin unguwar Madinat Nasr, wasu ranakun sai na yi tafiyar rabin awa a ƙasa kafin in samu mota, wasu ranakun ban fita ba sam. Na yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowace ta awa ɗaya, yadda in wuta ta tafi gunduwa ɗaya za ta mutu, kuma ta goge kanta. Na mayar da kowace lamba. Hussain ya aiko hoto: yana sanye da hular kwano, a bayansa na'urar a buɗe, ja da azurfa, ta fi benenmu tsayi. Ya rubuta cewa ya ɗora hannu sau biyu, ɗaya nasa ɗaya nawa. Na kalli hoton sau ɗaya na adana.

A Satumba na gama. Layin ya gangara sumul har ƙarshe. Rukunin Turai suka samu abin da na samu, karo da karo, lamba da lamba. Sakamakon shi ne: in ƙwayar nan tana nan, ta fi nauyin da injin ya iya kaiwa a lokacin. Duk wanda zai neme ta bayanmu ba sai ya sake duba inda muka duba ba.

Takardar ta fito a ƙarshen 2014, da sunaye fiye da dubu biyu a bayanta, an jera su bisa ƙasashe. Na buga shafukan na kai gida. Yaya Lawali ya ƙi in nuna masa, ya ce neman suna a cikin jerin mutane shi ne sana'arsa. Ya bi da yatsa har ya tsaya: U. Habu. Anti Indo ta leƙa ta ce an sa ni cikin Masarawa. Ya ce su sa ni inda suka ga dama, Habu dai na Funtuwa ne, kuma yana nan da ransa a bakin kasuwa. Ya tambaye ni me takardar ta ce a taƙaice, don ya san abin da zai gaya wa Baba a waya. Na ce ta ce akuyar ba ta cikin wannan garken. Ya ce to, wannan ma labari ne, mai cigiya ya huta da gari ɗaya. Ya naɗe shafin ya sa a cikin littafinsa.

A 2015 aka rufe ramin, aka tayar da injin da ƙarfin da ya kusa ninka na da. Ban sauka ba, kuma ban san ko zan taɓa sauka ba.

A Nuwamba aka ba mu izinin buɗe sabon akwati. Ɗakin ya ƙaru da ɗalibai biyu, an kuma sayo batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta tafi. Tun bayan abin nan Duktura ta kafa doka: ba mai buɗe akwati a ɗakinta, ko na Hussain ne, ko nata, sai na bi fayilolin na sa hannu. Ranar nan akwatina za a buɗe. Ta tsaya a bayana kamar wancan karon, hannu a naɗe.

"Ustaza Ummukulthum. Lambobi?"

"Suna nan. Kowane karo sau ɗaya."

"Yalla."

Na danna. Layin ya gangara, ya yi ta gangara, ya wuce inda tozon ya taɓa tsayawa, ya shiga yankin da ba wanda ya taɓa gani kafin wannan shekarar, ya ƙare babu komai. Ɗaya daga sababbin ɗaliban ya tambaya ko za a sake dubawa, ko an yi kuskure a wani wuri.

Duktura ta riga ta ɗauki jakarta.

"Ita ta ƙirga," ta ce. "Khalas, an gama. Rubuta wa Geneva."